Jakar Kular Auta

Zuwa ga matata, Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya. Ya mai jego, ya kuma jaririn da aka ce ya kwaso hancina? Allah ya ba shi haƙurin ɗauka. Ya ƙafar taki? Ki riƙa shafa maganin nan, kada ki ce hidimar jika ta hana ki. Mu nan lafiya lau, sai kewarki, musamman in lokacin cin abinci ya yi.

Kin san ranar haihuwar Auta ta matso, kuma da an yi ta za ta tafi reshen da ofishinsu ya tura ta. Tun ranar da na ce ban ga dalilin da yarinya za ta bar gidan ubanta ta tafi wani gari aiki ba, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ta ce ina kwana, in ce lafiya, kowa ya kama gabansa.

To, shekaranjiya na bi ta zuwa bakin titi, wai ni zan sayo sabulu. Tana tsaye tana jiran mota sai ledar da ta saka kular abincinta ta fashe. Kula ta gangara, murfi ya yi gabas, shinkafa ta yi yamma, miya ta wanke mata takalmi. Ta tsince kayanta ta hau mota. Ni ne na tsaya nan cikin kaji raina a jagule. Wadda za ta je inda babu ke babu ni, a leda za ta riƙa ɗaukar abinci?

Saboda haka na yanke shawara zan ɗinka mata jakar kula da hannuna. Na san kina dariya. Amma mutumin da ya tsufa yana tuƙa babbar mota, ba keken ɗinki ne zai gagare shi ba. Na riga na buɗe naki. Abu ɗaya nake so ki faɗa mini: ina birkinsa yake? Na taka shi sau ɗaya ya kwashe da gudu, kafin in ɗaga ƙafa ya haɗe mini tsumman gwaji da ƙyallen tebur.

Ki gaida mai jego da angon ƙarni. Kada ki faɗa wa Auta.

Mijinki,
Baban Auta


Maman Auta,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan duka. Saƙonki ya iso. Na gode da bayanin zaren ƙasa. Ashe shi ya sa nake ta ɗinki abu ba ya kamawa, allura tana ta huda yadi a banza.

Shawararki ta in kai wa maƙwabcinmu Tela kuwa, ban karɓa ba. Mutumin da ya taɓa cewa yatsuna kamar rogo suke? Gara in ɗinke hannuna. Kuma saura kaɗan hakan ta faru.

Yadin da na samu shi ne tsohon kakina na aiki, wanda kika sha cewa in bayar. Yadi ne mai ƙwari, ya sha rana ya sha baƙin mai bai yage ba. Na bar aljihun gaba yadda yake, nan cokali zai zauna. Soson da zai riƙe zafi kuma na yanko shi daga kujerar falo, ta kusa da taga wadda ba kowa ke zama a kai ba. Sai ga Tela ya shigo, wai ya ji kukan keke alhali ya san ba kya nan, ko ɓarayi ne. Duk kujerun falon nan bai ga ta zama ba sai wannan. Ya nutse har gwiwoyinsa suka taɓa haɓarsa. Da ƙyar na zaro shi. Ya dubi aikina ya ce, “Maƙwabci, hular wa kake ɗinkawa?” Na raka shi har ƙofa.

Gaskiya jakar farkon ta yi kaɗan, kofi ma da dabara ya shiga. Ta biyun kuma na saki hannu, ta fito ana iya kai ɗan akuya kasuwa a ciki.

Ina kan ta biyun ne keken ya cafke hannun rigata ya ɗinke shi da yadin. Ina kokawar ɓallewa na ji Auta tana buɗe ƙofa, an tashe su daga aiki da wuri. Na fizgo zanin gado na lulluɓe keken da hannuna a ciki, na zauna ina kallon bango. Ta tsaya ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, “Baba, lafiyarka kuwa? Ko in kira Mama?” Na ce ƙura nake kare wa keken. Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Wallahi, Maman Auta, rabon da ta yi mini magana mai tsawon wannan har na manta. Ban ƙi rigar ta ƙara kamuwa ba.

Yanzu na gano inda matsalar take: awo ne ke cutata. Don haka na ɗauke kular tata na ɓoye, zan ajiye ta a tsakiya in bi ta da allura da hannu, yadda ake yi wa kujerar mota riga. Da safe ta yi ta neman kula, ni ma na taya ta nema har ƙarƙashin gado.

Ki yi mini addu'a. Yatsuna duk huda ne, ko ruwa na sha sai na ji tsoron ya tsiyaye.

Naki har kullum,
Baban Auta


Maman Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida jikana. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi.

An yi, an gama. Da safiyar ranar haihuwar tata na ajiye mata jakar a kan tebur, na koma gefe ina karanta jarida a juye. Ta ɗaga ta juya. Jaka ta zauna wa kula ɗas, kamar tare aka haife su. Hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, amma in mutum ya karkata kafaɗa ba a ganewa. Ta sa yatsa a aljihun ta ciro cokali. Sai ta shinshina yadin. Ta ce warin motata yake yi, irin wanda take ji tana ƙarama in na dawo daga tafiya na ɗauke ta.

Daga nan ta ce bari ta ciro kular ta wanke. Ta ja, ta ƙi fita. Na riƙe gindin ta ja ta sama, har muka zagaye tebur. Ashe da na bi ta da allura na tsuke bakin a wuyan kular. Murfi yana buɗuwa, abinci yana shiga, amma kula da jaka sai dai mutuwa ta raba.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na biye mata. Can sai na ga dariyar ta juye, tana share ido da jakar. Na ce ta kawo in kai wa Tela ya farke, na haƙura da girman kaina. Ta rungume ta ta ce babu mai taɓa mata.

Na ce mata ta je aikinta, Allah ya tsare, ya sa albarka. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ni zan kai ta tasha.

Mijinki,
Baban Auta


Mama,

Ina wuni, ya jiki, ya Yaya da jaririnta? Na isa lafiya, ɗakin da aka ba ni ba laifi.

Jakar tana nan. Tare nake wanke su da kular, in shanya su tare, shi ya sa wata rana abincina yake ɗan ɗanɗanon sabulu. A ofis har an sa mini suna Mai Kaki. Ko a jikina. In na ajiye ta a kan tebur sai in ji kamar Baba ne zaune yana harara ta in cinye abincina.

Amma Mama, ba wannan ya sa na rubuto ba. Don Allah ki koma gida da wuri. A tasha Baba ya tuna cewa taki ranar haihuwar ce ke tafe, kuma ya riga ya sayi yadi, riga zai yi miki. Na ce to bari in turo masa awonki. Ya ce shi ya daina aiki da awo, tsayawa kawai za ki yi ya bi ki da allura.

'Yarki,
Auta