Hayaƙin Shataletale

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da maman Rediyo da ita Rediyon kanta. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san halin 'yarka. Wayarka na yin ƙara za ta manna kunne, kafin ka ajiye duk unguwa ta ji. Wanda ya laƙa mata sunan nan bai yi ƙarya ba.

To, gyara zama ka ji. Dogon Likita ya yarda! Shi dai likitan zuciyar yaran da nake miƙa wa kayan aiki a ɗakin tiyata tun zuwana ƙasar nan. Na nuna masa hotunan zuciyar Rediyo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce irin wannan ramin da ke zuciyarta kullum yake toshe shi. Tunda likitanku ya ce ba za ta jure tafiyar jirgi ba, shi zai zo da mutanensa da kayansa, ya yi mata aiki, ita da sauran yaran da ke jira a asibitinku. Saura kwamitin asibitinmu ya sa hannu, wannan kuwa ba wani abu ba ne.

Amma ka zo ka ji tambayoyi. Mai allurar barci ta ja ni gefe, wai in gaya mata tsakani da Allah, mutum yana iya runtsawa da ƙarar bindiga? Na ce mata ƙarar da ta hana ni barci a gida ita ce ta mai waldan da ke ƙasan benenmu, shi ma in ta ba shi haƙuri zai tsaya. Ba ta yi dariya ba.

Ba laifinta ba ne, Auta. Abu ɗaya suka sani game da mu, kuma aikin hannunka ne: hayaƙin shataletalenmu, wanda ka ɗauka shekarun baya ka sayar wa tashar talabijin ta ƙasar nan. Duk ran da za a ambaci ƙasarmu sai sun sa shi, ko da kuwa labarin tsadar magani ne. Har na haddace. Baƙin hayaƙi, wani mai jar riga yana gudu, kare na bin sa.

Ka shafa min kan Rediyo. Ka ce mata gwaggonta na nan tafe, kuma ta rage surutu ta tara numfashi.

Taka,
Yaya


Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Maman Rediyo ta karanta ta yi kuka, ta sake karantawa ta sake yin kuka. Ni kuma na fita baranda na tsaya, don kada su ga fuskata.

Ɓoyon da kika so bai yiwu ba. Rediyo ta ga uwarta na kuka tana murmushi, ta tsare ta da tambaya har sai da ta ji komai. Yanzu ta haɗa kaya a jakar makarantarta: buroshin haƙori, rigar barci, da tambayoyin da za ta yi wa likita. Ta farko ita ce ko yana buga kai a ƙofa saboda tsawo. Jakar tana bayan ƙofa, ba mai taɓa mata.

Jikin dai sai a hankali. Ta daina zuwa makaranta. Matakalar benen nan ta gagare ta, sai na goya ta, in kuma ta matsa ta hau da kanta leɓɓanta su yi shuɗi. Surutun bai tsaya ba, sai dai yanzu takan yanke magana a tsakiya ta huta, ta ɗaga yatsa don kada wani ya karɓe mata zance.

Asibiti kuwa kamar za a yi baƙon sarauta. An yi wa ɗakin tiyata fenti, an gyara janareta, babbar nas tana bin masu shara da ido. Iyayen sauran yaran har gaishe ni suke a hanya saboda ke.

Maganar hayaƙi, Yaya, kin san yadda aka yi. Direbobin haya ne suka ƙona tayoyi da safe don an ƙara kuɗin mai, kafin azahar an share wurin. Mai jar rigar nan mai askin layinmu ne, mota yake bi don kada ta tafi ta bar shi, karen ma nasa ne. Bayan wannan na aika wa tashar hotuna iri-iri, buɗe sabuwar gada, gasar karatu ta 'yan mata, ba wanda suka saka. Yanzu furanni ne a shataletalen, har da wurin zama.

Ki gaishe min da Dogon Likita da hannu biyu.

Ƙanenki,
Auta


Auta,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri, yau ba ni da bakin wasa.

Ka ji abin da ya faru a can bakin iyaka, rikicin da aka yi a kasuwa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ni da kai mun san wurin ya fi kusa da wata ƙasar fiye da garinmu, ko a mota sai mutum ya kwana a hanya. To tashar nan ba ta da hoton wurin, sai ta ɗauko naka. Safe da yamma hayaƙin shataletalenmu, mai aski na gudu, kare na bin sa, a ƙasa an rubuta adadin gawarwaki.

Kwamiti ya zauna. Suka kira ni, na je da taswira kamar malamar firamare, na sa yatsa nan, na sa yatsa can, na ce ku duba nisan. Shugabar kwamitin, wata mai gilashi a kan hanci, ta saurare ni da ladabi har na gama, sannan ta ce, "Amma 'yar'uwa, ba ke kika taɓa gaya wa ma'aikata cewa wannan shataletalen yana kusa da gidanku ba?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce tsohon hoto ne. Ta ce tasha ba za ta sa tsohon hoto ba tare da ta faɗa ba. Na ce ƙanena ne ya ɗauka. Suka dubi juna.

An ɗage tafiyar, wai sai ƙura ta lafa. Dogon Likita ransa ya ɓaci sosai, amma ba zai iya fiɗa shi kaɗai ba, mai allurar barci kuwa mijinta ya ce ko da wasa.

Ga abin da nake so. Maganata ba ta da nauyi a wurinsu, abin da suka gani a allo shi ne gaskiya. Ka ɗauki kyamararka ka fita. Ɗauko shataletalen yadda yake yau, da asibitin, da ɗakin tiyatar. Ka kai wa editan tashar, ka roƙe shi, ka durƙusa in ta kama. Su suka ɓata, su za su gyara. In aka gani a tasharsu, kwamiti zai sake zama.

Kada ka gaya wa Rediyo. Ka ce mata likita yana neman jirgin da zai ɗauki tsawonsa.

Yaya


Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan hankalinki ya ɗan kwanta. Nawa bai kwanta ba.

Na yi yadda kika ce. Na ɗauki shataletalen da safe, 'yan makaranta na tsallakawa, mai ba da hannu yana busa usur. Na sa mai aski ya sa jar riga ya tsaya a inda ya yi gudu, ya ba da labarin da bakinsa, yana dariya. Na ɗauki ɗakin tiyata, fitilu a kunne, babbar nas a tsaye ta sha guga. Ban taɓa yin aikin da na so kamar wannan ba.

Edita ya kira ni da kansa. Ya yaba hasken, ya yaba sautin. Sannan ya ce, "Abokina, mutane suna tsallaka titi, to sai me? Ba abin da ya faru a nan." Na ce ai abin da nake so duniya ta sani ke nan, ba abin da ya faru. Ya ce ba wanda zai zauna ya kalli wannan, kuma shi ma akwai na sama da shi.

Sai bakina ya kufce, na gaya masa dalili. Na ba shi labarin Rediyo. Na ji muryarsa ta canza, ban kuma ce ƙarya yake ba, don ya ce shi ma yana da 'ya. Ya ce wannan labari ne. In ɗauki yarinyar a kan gado, da mahaifiyarta, da asibitin, za su haɗa da hotunan da na aiko su saka. Ya ce in jama'a suka gan ta, kwamitin da kansa zai ji kunya.

Yaya, shekara nawa nake ɗaukar 'ya'yan mutane a kan gado, ban taɓa tambayar kaina yadda uban yake ji ba. Maman Rediyo ta ce ita ba ta yarda a yi tallar 'yarta ba, sai kuma yarinyar ta suma a banɗaki shekaranjiya, muka kwasa sai asibiti. Yanzu uwar ta daina hanawa. Likitanmu ya ce lokaci yana ƙurewa, bai faɗi ko nawa ya rage ba, ni ma ban tambaya ba.

Ke ce babba. Me zan yi?

Ƙanenki,
Auta


Auta,

Ina gaishe ku. Ka ɗauka. In laifi ne, a kaina. Ka tabbata dai an ji muryarta, don duk wanda ya ji Rediyo tana zuba ba zai iya juya mata baya ba.

Allah ya dafa mana.

Yaya


Ƙanena,

Assalamu alaikum. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Gara ka ji daga bakina.

Sun saka. Muna ɗakin hutun ma'aikata, na tara kowa, har shugabar kwamitin na je na kira. Da me suka buɗe, Auta? Da hayaƙin. Mai aski na gudu, kare na bin sa. Daga nan sai juji a bayan asibiti, sai tsohon ɗakin majinyata da aka rufe, wanda silin ɗinsa ya rufto, na san wucewa kawai ka yi ta gabansa. Ban ga furanni ba. Ban ga ɗakin tiyata ba, ban ga babbar nas ba. Can ƙarshe sai ga 'yarmu a kwance, ido rufe, roba a hanci, wata murya tana cewa a wannan ƙasa yara irinta ba su da makoma. Ko kalma ɗaya ba a bari ta faɗa ba. Rediyo fa!

Mutanen nan sun yi kuka, ba zan zalunce su ba. Mai allurar barci ta rungume ni tana cewa Allah ya taimake ni da na tsero. Na tsaya kamar itace a hannunta.

Washegari kwamiti ya zauna. Suka ce sun ga asibitin da idonsu, ba wurin da za a buɗe ƙirjin yaro ba ne, kuma ba za su sa ran ma'aikatansu da na yaran cikin haɗari ba. Na nuna musu cikakken hotonka a waya. Shugabar ta ce ta fahimci ina son ƙasata. An soke tafiyar gaba ɗaya. Kayan da aka ɗaure za a kai wata ƙasa.

Dogon Likita ya biyo ni har wurin wanke hannu, ya tambaye ni sunan Rediyo na gaskiya. Na gaya masa.

Ni na ce ka ɗauka. Ka yafe min, ka roƙar min maman Rediyo. Na nemi hutu, ina nan zuwa, ni kaɗai.

Yayarka


Yaya,

Wa alaikumus salam. Ba abin yafewa tsakaninmu. Ki zo, ki yi sauri.

Mun dawo gida, likita ya ce za ta fi jin daɗi a ɗakinta. Wata maƙwabciya ta gaya mata an nuna ta a talabijin ɗin ƙasar waje, sai ta kafe lallai sai ta ga kanta. Na rasa yadda zan yi, na zaunar da ita a cinyata na kunna mata a waya.

Ta kalli hayaƙin, ta kalli jujin, ta kalli silin da ya rufto. Sai ta ɗaga yatsa, ta huta, ta ce, "Baba, wace ƙasa ce wannan?"

Ta sake duban wayar. Ta ce, "Allah sarki. Ka ce wa Gwaggo in likita ya gama da ni, ya je ya taimake su."

Na kashe kafin fuskarta ta fito, na ce mata caji ne ya ƙare.

Jakarta tana nan bayan ƙofa. In kin iso, kada ki kalli wajen.

Ƙanenki,
Auta