Ƙidayar Watan Agusta

Kwa Mbathi, 3 ga Satumba

'Yata Ndunge,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Har yau ina nuna wa ɗalibai bencin da kika zauna, ina ce musu mai shi ce yanzu wakiliyar gundumarmu a hukumar sufuri ta gundumomi biyar.

Mun ga taswirar sabuwar bas. Ba za ta tsaya a ƙofar makarantarmu ba, kuma za a kori matatu, ƙananan motocin hayarmu, daga hanyar. Yara ɗari biyu za su riƙa taka kilomita huɗu a gefen titin tirela. Direba Musyoka ya tare ni a kasuwa yana dariya, wai 'yar da na koya wa lissafi ta ƙirga mu ta samu sifili. Me ya faru?

Malaminki,
Kivuva

Nairobi, 8 ga Satumba

Mwalimu,

Ina gaisuwa da ladabi, malamina. Masu ƙidaya sun tsaya a tasharku ranar 14 ga Agusta, suka ga fasinja tara. Da wannan aka soke ta.

Kujera ɗaya muke da ita cikin goma sha ɗaya. An yi wa gundumarmu alkawarin garejin bas idan na amince da taswirar ranar Alhamis. Gwamna ya kira ni da kansa. Ya ce wanda ya ba da kujera yana iya karɓe ta.

Ka yafe mini,
Ndunge

Kwa Mbathi, 10 ga Satumba

Ndunge,

Gaisuwa mai yawa. Sha huɗu ga Agusta muna hutu, 'yata. Ko mai gadi ya tafi ƙauye. Shekara huɗu kika yi a nan, kin san haka.

Ba zan gaya miki yadda za ki jefa ƙuri'a ba, ba ni ke ciyar da 'ya'yanki ba. Ga rajistar makaranta na ba Musyoka ya kawo miki. Na ja layi a ƙarƙashin sunan duk mai zuwa da mota. Na talatin da bakwai Mutheu ce, 'yar ƙanwarki.

Ki huta lafiya,
Kivuva

Nairobi, 12 ga Satumba

Mwalimu,

Ina gaisuwa. Na karanta sunayen a zauren hukumar, na kai na sittin shugaba ya tsayar da ni. Da ƙuri'a shida a kan biyar, an yarda za a sake ƙidaya ranar Talata da safe. Kada ɗalibi ko ɗaya ya makara.

Takardar sallamata ta iso yau. Kuna neman malamar lissafi?

'Yarka,
Ndunge