Shagon Mijin Yaya da Shafinmu

Litinin, 3 ga Maris
Shugaba ya ɗora mini sabon aiki. Wai ƙungiyoyi sun dame shi, kowa na so mu sa mahaɗin shafinsa a shafinmu na intanet, su ma su sa namu. Na tambaye shi da wane ma'auni zan tace, ya ce ai ni ce mai kula da shafin. To fa. Mu ƙungiyar iyayen yara kurame ce, duk abin da uwa ta latsa a shafinmu ɗauka take mun tsaya masa. Ga ƙofar ofishin nan sai ƙara take kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Talata, 4 ga Maris
Na samu dabara. Ba na duba kyan shafi, lambar wayar da suka sa nake kira. Sai in ce yanzu likita ya gaya mini ɗana ba ya ji, ina zan dosa? Ba ƙarya ba ce ma, shekarun kawai na rage. Abin mamaki, wata ƙungiya mai shafi kamar na banki ba wanda ya ɗaga. Wata ƙaramar makaranta kuwa, shafinsu ko hoto babu, matar da ta ɗaga sai da ta tambaye ni ko akwai wani kusa da ni kafin ta tambayi shekarun yaron. Sun shiga shafinmu.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ta kira. Mijinta na so a sa shagon maganinsa a shafinmu. Ita ta riƙe mini ɗana Auta lokacin da nake koyon maganar hannu, da wane baki zan ce a'a?

Asabar, 8 ga Maris
Na ari wayar sakatariya, na shaƙe murya, na kira shagon. Shi da kansa ya ɗaga. Ya lallashe ni sosai, ya ce yana da man da ake ɗigawa a kunne. Sannan ya ce, "Kada ki kai shi makarantar kurame, baiwar Allah. In hannu ya saba, baki ya mutu ke nan."
Abin da ya ɗaure mini kai, ba yaudara yake ba, har zuciyarsa ya yarda. Ni kuma me ya sa na sa rai da ya ce kunne na buɗewa?

Lahadi, 9 ga Maris
Na je gidansu na ce masa ni ce na kira jiya. Ya yi dariya, dariyar ta tsinke a hanya. Ashe ya daɗe da ajiye wa Auta kwalbar man, Yaya ce ke hana shi. Ya cusa mini ita a jaka.
"Ƙanwata, ba don shafin ba. Ki gwada kawai."
Yaya ko rakiya ba ta yi mini ba. Na ji zafin wannan.

Litinin, 10 ga Maris
Kwalbar na jaka. Na buɗe na shinshina. So nake in san abin da ke ciki, sani kawai.

Laraba, 12 ga Maris
Na gaya wa Shugaba ma'aunina ɗaya ne: me za su ce wa uwar da ta kira a ruɗe? Shagon bai shiga ba. Yaya ba ta ɗaga wayata. Kwalbar dai tana nan.

Juma'a, 14 ga Maris
Auta ya biyo ta ofis bayan an tashi makaranta, yana bincike a jakata kamar kullum, ya zaro ta. Ya tambaya da hannu, mene ne wannan? Hannuna ya riga ni, na ce man ƙofa ne. To, tunda na faɗa. Muka ɗiga wa ƙofar har ya ƙare. Ya yi ta buɗewa yana rufewa yana kallon fuskata, na ce masa ta yi shiru.
Sai ya tambaya, da can me take yi? Na yamutsa fuska na toshe kunnuwa na kwatanta masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya raba shi da wannan wahala.
Kwalbar na kwandon shara. Gobe da Auta za mu je gidan Yaya, ya ba ta labarin ƙofar da hannunsa.