Keken Baba a Cikin Waƙar Anwar

Barkin Sale,
Minna.

Zuwa ga Yayana Ishaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rahmatu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Yaya ruwan Fatakwal da ba ya gajiya? Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta tana yi wa kaji faɗa.

Yaya, saƙonka ya iso, cewa in haɗa wa Anwar kayansa in sa shi a mota ya taho wurinka, tunda an gaya maka ɗanka ya zama ɗan rap. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ranar. Yaron nan tun yana firamare yake hannuna, karatunsa na tafiya daidai, salla ba ta wuce shi. Amma ni ma gabana ya faɗi, don abin da na sani game da rap shi ne wanda masu keke napep ke cika mana kunne da shi, ihu da zagi da cika baki. Sai na ce ba zan yanke wa yaro hukunci a kan jita-jita ba, sai na ji da kunnena.

Ya bar mini ’yar sifikarsa da waƙarsa a ciki ya tafi makaranta. Ina kunnawa na ji kiɗa yana jan ƙafa, murya kuma ƙasa-ƙasa. Ka tuna rediyon kaset ɗin Baba in batir ya yi sanyi? To haka na ɗauka. Na kai ta caji ta wuni a can, na dawo na kunna, ba abin da ya canza. Da Anwar ya dawo na ce masa sifikarsa ta lalace, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ja’iri. Ya ce ai haka aka yi shi da gangan, wannan irin rap ba na rawa ba ne, hira ce ake ɗorawa a kan kiɗa. Wai in daina bin sa a guje, in zauna, shi zai zo ya same ni.

Na kuwa zauna. Sannu ba ta hana zuwa, Yaya. Ina tsinkar zogale ina saurare, yau da gobe sai kunnena ya buɗe. Na fara jin yadda yake barin ganga ta wuce gaba kaɗan, sannan ya ajiye kalmarsa a bayanta, kamar mutumin da ya san hanya don haka ba ya sauri. Babu zagi ko ɗaya. Safiyar Barkin Sale yake faɗa, da ruwan sama a kan kwano, da wayar da babansa ke bugowa ranar Juma’a, wadda take ƙarewa kafin ya faɗi abin da ke ransa. Maƙwabciyata Esta ta kama ni ina gyaɗa kai ni kaɗai, yanzu ba ta da abin tsokana sai ni, kuma ko a jikina.

Na san halinka, maganar ƙanwa ba ta juya ka. Shi ya sa wata rana bayan la’asar na kunna waƙar kusa da tabarmar Inna, ban ce mata komai ba. Ba a yi nisa ba ta ɗaga kai, ta tambaya wa ya taɓa keken Malam. Ashe Anwar da abokinsa Isaiah, wani yaron kirki ɗan Beji, su ne suka fito da tsohon keken ɗinkin Baba daga ɗakin ajiya, suka sa masa mai, suka taka, suka naɗi ƙarar, a kanta suka gina kiɗan gaba ɗaya. Wannan ƙwas ɗin da yake yi a kowane juyi tun da aka yi wa matakinsa walda, yana ciki. Ni da na girma a gindin keken ban gane ba, tsohuwa ta gane. Ta sa aka maimaita mata, ta yi hawaye, ta koma dariya, ta ce rabon gidan nan da wannan ƙara tun rasuwar Malam.

Sai a lokacin na faɗa mata saƙonka. Ka san wasan da ke tsakaninta da jikan nan nata. Ta buga sanda a ƙasa ta ce mijinta ba ya zuwa ko’ina, duk mai son raba ta da ango ya zo ya faɗa mata ido da ido. To Yaya, ka ji. Ni dai jakar da na sauko da ita don haɗa masa kaya na mayar da ita saman sif, kuma wallahi daɗi nake ji har cikin raina.

Ka gaishe da Anti Rahmatu, da Sadiq, da ƙawata Nana Aisha. Inna na sa muku albarka, Esta ma tana gaisuwa. Na tura maka waƙar ta waya. In ka ji tana jan ƙafa kada ka kai wayar caji, lafiyarta lau. Ka zauna ka nemi keken Baba a ciki. Ranar Juma’a kuma in ka kira ɗanka, ka ɗan jira kafin ka kashe.

Taka ƙanwa har kullum,
Sa’adiya.