Hotuna Bakwai a Tsohuwar Ordinatar

Litinin, 4 ga Mayu 2015
Hamadi direba ya zo da hantsi, ko zama bai yi ba. Wai wasu abokan aikinsa sun iske mota ta mutu a hanyar Tchibarakaten, inda ake haƙar zinariya, mutum bakwai kwance a gindinta, ƙishirwa ta gama da su. Kafin su rufe su, ɗaya ya ɗauki hoton kowa. Ya miƙo mini katin kamarar ya ce, "Ni ban duba ba, Hawa. Ke kika san ordinatar."
Yau kwana arba'in da ɗaya ba labarin maigidana Akoli. In yana cikinsu, takaba ta hau kaina. In ba ya ciki, a ci gaba da jira.
Katin babba ne, ba ya shiga waya. Na fiddo tsohuwar ordinatar, wato kwamfutar da aka bar mini ranar da aka rufe ofishinmu aka sallame mu. Ta kunnu, sai layuka kore da ja tun daga sama har ƙasa, sannan baƙi ƙirin. Yau ta ga dama.

Talata, 5 ga Mayu
Sau tara na kunna. Sau tara.

Laraba, 6 ga Mayu
Anna, uwar Akoli, tana zaune bakin ƙofa tun asuba. Tun da fari ya cinye mata awaki take wurinmu. Babban ɗanta ya tafi lokacin tawaye, har yau ba gawa ba kabari. Ta ce wannan karon sai ido ya gani za ta yarda.
Duk na fito sai ta ce, "Ya gyaru?" In ce tukuna, Anna.

Alhamis, 7 ga Mayu
Na kai wa Tomas, mutumin Maradi mai gyara a kasuwa. Ya ce allon lafiya lau, pilote ne ya lalace, wato abin da ke koya wa na'ura yadda za ta nuna hoto. Sabon da ya shiga bai dace da tsohuwa irin wannan ba. Ya danna F8, ta buɗe da manyan haruffa kamar littafin ƴan aji ɗaya, launi duk ya dagule. Sai an samo tsohon pilote a intanet, kuma rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke tun jiya.
Ya ce in ba shi katin ya sa a tasa, minti ɗaya an gama. Na ƙi. A tsakiyar kasuwa, ga mai rake ga ƴan kabu-kabu suna leƙe? Allah ya kiyaye. Har na yi masa tsawa, bawan Allah bai yi mini komai ba.

Jumma'a, 8 ga Mayu
Na yi F8 da kaina, na buɗe hoton farko. Tabo-tabo ne kawai, ba a raba mutum da taya. Na tsura ido har kaina ya yi ciwo. Ina da takardar sakatariya, shekara shida ina buga wa manya wasiƙu, amma na kasa gane ko mijina ne. Haushin kaina nake ji, da nasa ma. Wa ya aike shi neman zinariya?

Asabar, 9 ga Mayu
Anna ta taɓa gindin na'urar ta ce zazzaɓi gare shi. Ta jiƙa buhu ta naɗe ta, yadda ake yi wa bidon ruwa a jikin mota. Ni da na fi ta sani, ina tsaye ina kallo, har da riƙe mata gefe. Wallahi layukan sun ragu na ɗan lokaci, muka dubi juna. Sai na'urar ta mutu ɗungurungum.
Na shanya ta a inuwa. Abinci ma ban ɗora ba.

Litinin, 11 ga Mayu
Ordinatar ta tashi, amma haruffa uku sun daina aiki. Tomas ya riƙe baki da na gaya masa. "Ruwa, Madam? Ke?" 
Rezo ya dawo. Saukarwa ta kai saba'in da ɗaya cikin ɗari, wuta ta ɗauke. A sake daga farko.

Laraba, 13 ga Mayu
Tomas ya samo tsohon pilote. Ya cire sabon, ya sa tsohon, ta kunnu garau, kamar ba ita ba. Ya ce kar in sake bari ta sabunta kanta. Na yi godiya, na rungumo ta zuwa gida.
Na tura ƙofa. Hoto na ɗaya ba shi ba ne. Na biyu, na uku, ba shi ba. Na huɗu an rufe masa fuska da rawani, hannu ɗaya a waje. Ɗan yatsan da injin niƙan dutse ya gutsure wa Akoli a ma'adina. Allon ya nuna shi tas, har farce.
Da na fito Anna ta ce, "Ya gyaru?"
Na ce tukuna, Anna.

Alhamis, 14 ga Mayu
Anna ba ta tambaye ni ba yau. Ta dai daɗe tana dubana, sannan ta karɓi tsintsiya daga hannuna.
Ban sa kwalli ba. Ƴan kunne ma na cire, da ma sun dame ni da ƙaiƙayi. Maƙwabciyarmu Aïcha ta aiko in zo sunan ɗiyarta, na ce a gaya mata ba na fita.