Ƙanena Ya Datse Sifirin Ɗin Motata

Assalamu alaikum Anti Barakatu. Don Allah ki taimaka min da shawara kafin in yi abin da zan zo ina nadama.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti ta wajen Utai, amma a Wudil nake zaune. Ina da wata tsohuwar mota da na saya da kuɗin adashi. Ba ta da kyan gani, amma ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba, ko da damina. Watan jiya aka tura ni kwas Kano, sai na bar wa ƙanena Garzali mukulli don ya riƙa kai Innarmu awon hawan jini. Ɗalibi ne a jami'a, kuma ni na goya shi.

Da na dawo na tarar da mota ta durƙusa a ƙofar gida kamar kaza a kan ƙwai. Na zaci tayoyin ne suka sace. Ashe gareji yaron nan ya kai ta, ya sa aka ciro sifirin na ƙafafu huɗun, ƙarfen nan mai naɗi da ke ɗaga jikin mota, aka datse da injin yankan ƙarfe, wai don ta yi ƙasa irin na samarin da yake gani a waya. Da na tambaye shi, ko kunya babu, ya ce ai taimakona ya yi, wai sifirin na musamman tsada gare shi, shi kuwa ya samo min hanya mai sauƙi. Motata fa, Anti. Har hotonsa ya ɗauka a jikinta ya watsa wa abokai.

Haka na ci gaba da hawa tunda aiki ba ya jira. Duk tudun rage gudu sai cikinta ya gogi ƙasa. Ran Talatar nan aka kawo mana wata baiwar Allah tana naƙuda, jini ya ɓalle mata, ba motar asibiti a kusa. Na sa ta a baya da uwar mijinta na nufi Wudil. Motar nan ta dinga tsalle, kowane rami sai matar ta yi ƙara. Kafin mu hau kwalta salansa ta cire, wani abu ya maƙale a tayar gaba, sitiyari ya ƙi juyawa. A bayan akori-kurar wani mai ɗaukar buhunan shinkafa muka ƙarasa da ita, ina riƙe da ledar ƙarin ruwan da na sa mata a sama. Cikin ikon Allah ta haihu ta tashi, jaririn ma lafiya.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na kai ƙara gida, Inna cewa ta yi yaro ne, in yi haƙuri, ƙarfe ai ba rai ba ne. Shi kuwa har yau bai ba ni haƙuri ba, in ya hango ni sai ya canza hanya. Na rantse ba zan ƙara sa hannu a karatunsa ba, Inna ta daina amsa gaisuwata sosai. Ni ce mai laifi kenan?

'Yar'uwarki mai takaici, Wudil.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fushinki a kan hanya yake. Amana kika ba Garzali, ya taɓa abin da ba nasa ba, kuma ya jefa rayuka cikin haɗari. Wanda ya isa shiga jami'a ya wuce a ce masa yaro.

Ki ajiye motar nan daga yau. Sifirin da aka datse yakan fice daga mazauninsa, ya kashe shokazoba mai rage girgiza, ya ci taya, motar ta ƙi riƙe hanya. Kada ki yarda wani ya ce zai yi masa walda ko ya cusa roba. A sauya su duka da irin na asali, ko da na hannu ne masu kyau, a duba shokazoba da birki, a daidaita ƙafafun. Zan kuma faɗa miki gaskiya: tun ranar da kika ji tana gugar ƙasa bai kamata ki ƙara ɗaukar kowa a ciki ba.

Ta ɓangaren Garzali, wauta ce da son burge abokai, ban ga mugunta ba. Gudun da yake miki ma kunya ce. Inna kuwa tsoro take kada 'ya'yanta su rabu, shi ya sa take rage girman abin. Ki same ta ke kaɗai, ki ba ta labarin matar nan dalla-dalla, sannan a kira shi a gabanta. Shi zai nemo kayan gyara, ya tsaya a gareji har a gama, ya kuma sa abin da zai iya daga aljihunsa, ko da wayar zai sayar. Mukulli kuwa ya yi bankwana da shi sai kin ga hankali.

Amma ki cire karatunsa daga wannan rigima. Ki tambayi malamai yadda za ki yi kaffarar rantsuwarki. Idan ya bar makaranta, ke za ki fi kowa kuka.

Allah ya huci zuciyarki, ya shirya Garzali, ya ba Inna lafiya, ya kuma saka miki da alheri kan matan da kike tsaya wa.

Anti Barakatu