Wa Zai Yi wa Bahijja Wankan Jego?

Yakasai, Kano

Zuwa ga yayar Bahijja,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Toronto, ya maigidan da yara? Ƙanwarki ta shiga watanta a can Kuala Lumpur, ga ta haihuwar fari, ba uwa ba uwar miji a kusa da ita. Na kasa zaune na kasa tsaye. Wa zai dafa mata ruwan wanka, wa zai dama mata kunun kanwa? Kin san ni da jirgin sama, tunda na sauko daga Hajji na ce na yi sallama da shi. Tunda duk a waje kuke, ki leƙa ki yi mata ko sati biyu ne.

Allah Ya yi miki albarka.
Innarku

*

Toronto

Inna,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Wallahi da leƙe ne da tuni na leƙa. Daga nan zuwa garinsu kusan kilomita dubu goma sha biyar ne. Sai mutum ya kwana ya wuni a sama, kuma sai an sauka wani garin an sake jirgi. Na nemi hutu a asibitin da nake aiki, sun hana. Ki gafarce ni.

Taki mai biyayya,
Sa'ida

*

Ke 'yar Toronto,

Na amsa gaisuwarki, amma ban amsa zancenki ba. Kilo na sani na auna nama. Ashe ba Turai ɗaya ba ce? Mutanen unguwar Dukawuya ma, nan cikin Kano, suna cewa Yakasai da nisa in ba sa son zuwa. Jiya Bahijja ta kira ni tana dariya, wai kada in damu, mijinta zai haɗa mata ruwa. Namiji! Na san dariyar nan tata, kuka ne a ƙarƙashinta. Ki ji tsoron Allah.

Innarku

*

Inna,

Ina gaishe ki. Takardarki ta sa ni hawaye. Ba ƙyuya ba ce. Na zauna na auna a taswira har sau biyu don kada in yi miki ƙarya. Daga Kano zuwa wurinta dubu goma ne da 'yan kai. Inna, duk cikinmu ke kika fi kusa da ita. Mijinta ya ce in kin yarda zai nema miki biza.

Ki huta lafiya,
Sa'ida

*

Yayar Bahijja,

Salamu alaikum. Na kai takardarki wurin Baffanku, ya sa tabarau ya duba, ya ce gaskiyarki. Ki yafe mini. An buga bizar, ranar Laraba zan tashi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki gaya wa mijin nan nata kada ya kuskura ya ɗora tukunya sai na iso.

Ku sa ni a addu'a.
Innarku